Ƙafar da Ta Saba Tafiya Ba Ta Son Benci

 Shirin lafiya na wannan karon ya leƙa ƙasar Gana, unguwannin zango na birnin Accra, wanda iyayenmu fatake ke kira Ankara. Maganar da aka baje ita ce motsa jiki mai sauƙi, irin wanda babu gudu a cikinsa, babu tsalle, babu ɗaga ƙarfe, wanda dattijo mai shekara 65 da uwar 'ya'ya takwas za su yi su kwana lafiya. Mun tattaro abin da aka faɗa a rubuce saboda wanda tashar ta kuɓuce masa a hanya, ko batir ya mutu masa a daji.

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Ankara ya san Kawukudi. Mahaɗa ce tsakanin Nima da Mamobi da Kanda, ba nisa da asibitin soja da ake kira 37. Sunan ma namu ne, ba sai an fassara wa kowa ba: kawo kuɗi. A wajen ne babban masallacin ƙasa yake, wanda Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe shi a watan Yulin 2021. Ga kuma filin ƙwallo, inda samarin zango ke zubar da gumi safe da yamma, kowa na fatan ya zama Mohammed Kudus, tunda shi ma a Nima ya tashi. To, motsin Kudus sana'a ce, a bar wa masu ita. Namu na yau na babansa ne da kawunsa da gwaggonsa.

Nima kanta mai shanu ne ya kafa ta. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar dabbobi, ya samu wurin daga hannun mutanen Ga masu ƙasar, yana tsayar da shanu a nan kafin a shiga da su kasuwar birni. Kafin zamaninsa kuwa, fataken goro sun daɗe suna tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, a ƙasa, suna kora jakuna, tafiyar wata biyu zuwa uku. Bayan yaƙin Salaga na 1892 ne da yawansu suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu suka gangaro har bakin teku. Ke nan mutumin zango jikan matafiya ne. Babu wanda ya taɓa ce wa madugu ya je ya motsa jiki, domin neman abincinsa ma motsi ne.

Yanzu fa? Ku dubi ranar babban ɗan kasuwa a yau. Ya tashi da asuba ya yi salla a masallacin ƙofar gida, taku ashirin. Ya sha koko da ƙosai. Mota ko babur ya kai shi kasuwa, ko karar shanu ta Tulaku da ke Ashaiman, ko kasuwar albasa ta Adjen Kotoku inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Ya zauna a benci. Ciniki a waya, kuɗi a waya, yara ne masu ɗauka da saukewa. Da rana a kawo wake da shinkafa da mai da nama, a bi da lemon kwalba. Da yamma shayi zagaye uku, kowane kofi sukari ya kwanta a gindinsa. Da dare tuwon zafi, sai shimfiɗa. Mutumin nan yana da shekara 20 yana bin shanu daga hantsi zuwa faɗuwar rana. Cikinsa bai manta da cin wancan zamanin ba, ƙafarsa ce kawai ta daina aikin. Haka makiyayin da ya sayar da garke ya sayi shago, ko ya bar wa yara kiwo ya koma zaga ruga a kan babur.

Akwai lissafin wannan canji. A 2016 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da ya gwada 'yan Gana mazauna ƙauye, da mazauna birni, da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Turai. A cikin maza, masu ciwon sukari a ƙauye ba su kai 4 cikin 100 ba, a birni kuwa sun kai 10. A cikin mata, masu ƙibar da ta wuce kima a ƙauye kamar 8 ne cikin 100, a birni kuma kusan mace 1 cikin 3. Duk 'yan Gana ne, zama ne ya bambanta. Wani binciken kuma da ya fito a 2001 an yi shi ne kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos. Masu binciken sun tarar abincinsu cike yake da nono da man shanu, abin da likitocin Turai ke gargaɗi a kai, amma da aka auna kitsen jininsu sai aka same shi lafiya lau. Abin da suka danganta shi da shi: yawan tafiya da rashin cika ciki. A ɗauke tafiyar a bar man shanun, lissafin ya canza.

Labarin da ya fi daɗi ga direbobinmu daga Landan ya fito. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya duba ma'aikatan manyan motocin safa masu bene na birnin. Direba yana zaune yini guda a sitiyari. Kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi, ɗaruruwan matakala kullum. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi kashe su farat ɗaya. Daga nan likitocin zamani suka fara ɗaukar maganar zama da muhimmanci. Don haka maigida direba, in ka ga yaron motarka na hawa yana sauka yana ɗaure tamfol, kai kana kishingiɗe, ka san akwai abin da yake ci wanda ba ka ci.

To nawa ake buƙata? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, in ya kai 300 ya fi. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar. Kuma ba dole ne a yi rabin awan a haɗe ba, minti 10 bayan asuba, 10 bayan la'asar, 10 bayan isha'i duk sun shiga lissafi. Hukumar ta ce a 2022 kusan mutum 31 cikin 100 na manyan duniya ba su kai wannan ma'aunin ba, wato wajen mutum biliyan 1.8.

Wane ne motsi matsakaici? Ba sai da agogo ko na'ura ba, bakinka ne ma'auni. Ka yi tafiya da ɗan hanzari, irin ta wanda ya ji an ta da iƙama yana nesa da masallaci amma yana jin nauyin ya yi gudu. In kana iya hira da abokin tafiyarka amma ba za ka iya rera waƙa ba, ka dace. In magana ta gagara sai haki, ka wuce wuri, sassauta. In kuwa kana tafe kana danna waya kana gaisawa da kowace rumfa, wannan yawo ne. Rabin awa na irin wannan tafiyar kamar kilomita 2 da rabi ne. Cikakken filin ƙwallo zagayensa ya ɗan haura mita 340, ke nan zagaye 7 ya kusa biya maka buƙata. Wanda ya shekara goma a benci kada ya fara da 7. Ya fara da 2, ya yi mako guda a kai, sannan ya ƙara 1. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani mai saurare ya aiko yana tambaya game da taku 10,000 da wayarsa ke nema a gare shi kullum, wai ya kasa kaiwa har ya haƙura ya daina. Malam, kada waya ta karya maka gwiwa. Wannan adadin asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka fara sayarwa a Japan a 1965, dabarar talla ce. A 2019 wani bincike a Amurka kan tsofaffin mata sama da 16,000 ya nuna masu yin taku kamar 4,400 a rana ma sun fi masu zama tsawon rai, amfanin kuma yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. In ka kai 10,000 madalla. In ba ka kai ba, abin da ka yi bai faɗi ƙasa banza ba.

Bari mu ɗan shiga cikin jikin, don mutum ya fi riƙe abin da ya san dalilinsa. Abincin da muka ci, tuwo ne ko shinkafa ko dokunu, yana narkewa ya zama sukari a cikin jini. Babban mai sayen wannan sukarin shi ne tsokar cinya da ta ƙafa. In tsokar na aiki sai ta buɗe ƙofa ta janye sukarin ta ƙona. In tana kwance, sukarin ya rasa mai saye, ya yi ta zagaye a jini kamar albasar da ta iso kasuwa ba dillali, tana ruɓewa tana ɓata abin da ke kusa da ita: ido, ƙoda, jijiyoyin ƙafa. Shi ya sa tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci take da daraja ta musamman, domin a lokacin ne kaya suka sauka. A Amurka an yi gwaji da mutum sama da 3,000 waɗanda ciwon sukari ke ƙwanƙwasa musu ƙofa, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da rage ƙiba kaɗan, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar magani kuwa ta ragu da 31.

Hawan jini ma haka, wanda mutanen Nijar ke cewa tansiyon, 'yan Gana kuma su ce bipi. Jijiyar jini kamar igiyar fata take, in ana amfani da ita tana laushi, in an jefar da ita ta bushe ta ƙage. Mai hawan jini da ya riƙe tafiya na wasu watanni, lambarsa ta sama kan sauka da maki 5 zuwa 8. Kada a raina wannan, irin aikin da wata ƙwayar ke yi ke nan. Amma a ji mu da kyau, tafiya abokiyar magani ce, ba ta kore shi. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ya ci gaba da sha, likitan ne zai ce a rage in ya ga awo ya yi kyau.

Sai gwiwa, wadda ita ce uzurin kusan kowane dattijo: "Ai ni gwiwata ba ta bari." Guringuntsin da ke shimfiɗe a cikin gwiwa ba shi da jijiyar jini. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kuma sai an lanƙwasa an miƙe ruwan ke shiga yana fita, kamar soso a hannun mai wanke-wanke. Gwiwar da aka ajiye don tana ciwo, ƙara ƙagewa take yi. Abin da ba ta so shi ne duka: tsalle, gudu a kan kwalta, gangarowa daga tudu da kaya a ka. Tafiya a wuri mai shimfiɗe da tuƙa keke kuwa mai suke zuba mata. Ga kuma wani lissafi mai daɗi: duk kilo 1 da mutum ya rage a jikinsa, ya sauke wa gwiwarsa nauyin kamar kilo 4 a kowane taku. In an yi tafiya gwiwa ta ɗan yi tsami ta lafa kafin gobe, ba komai. In ta kumbura ko ciwon ya kwana biyu, a rage, a kuma nuna ta a asibiti.

Yanzu ga taku, 'yan doguwar hanya. Motar albasa da ta taso daga Galmi kwanaki take yi kafin ta ga Ankara. Mai shanun da ya loda a Burkina ya shigo ta Paga yana da kilomita wajen 800 a gabansa. Ga jiran takarda a bakin iyaka, wanda a 2023 da aka rufe iyakokin Nijar ya zama na makonni ga wasu. Jinin da ya gangara ƙafa ba ya hawowa da kansa, tsokar sha-raɓa ce ke matsa shi sama duk lokacin da aka taka, har likitoci na kiranta zuciya ta biyu. In an naɗe ƙafa a gaban mota ko a kan buhuna awa da awanni, jinin ya kwanta, wani lokaci ya daskare ya zama guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin wannan daskarewa. Abin ba ya yawan faruwa, amma in gudan ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kashewa nan take.

Maganinsa ba ya cin ko sidi ɗaya. Kana zaune a mota, ka kafa dunduniya ka ɗaga yatsun ƙafa, ka kafa yatsu ka ɗaga dunduniya, sau 20, duk bayan rabin awa ko awa guda. Ka juya idon sawu hagu da dama. Duk inda aka tsaya, shingen kwastan ne ko gidan mai ko wurin salla, ka sauko. Kada ka sauko daga kujera ka wuce kai tsaye zuwa bencin mai shayi. Zagaya motar sau biyar tukuna, ka duba tayoyi, dama aikin ne. Ka dafa jikin motar ka yi ɗage a kan yatsu ka sauko a hankali sau 15. Ka sa hannu biyu a ƙugu ka ɗan banƙare baya a hankali sau biyar, domin gadon bayan da ya yini a lanƙwashe yana son a mayar da shi. Ka sha ruwa. Mun san da yawa na ƙin shan ruwa a hanya don gudun tsayawa fitsari, to tsayawar nan ma alheri ce. In kuma bayan tafiya ka ga ƙafa ɗaya, ɗaya tak, ta kumbura tana zafi tana ciwo a sha-raɓa, kada a murza, kada a kai wa mai tausa, kada a yi ƙaho. A tafi asibiti a ranar.

Tafiya kaɗai ba ta gama aikin ba. Daga shekara 50 zuwa sama tsoka na zubewa a hankali, mutum bai ankara ba sai ranar da tashi daga tabarma ya zama sai an miƙa masa hannu. Shi ya sa ƙa'idar ta ce a ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako, wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da koyon tsayuwa daram kwana 3, saboda faɗuwa. Tsoho in ya faɗi ya karya ƙashin ƙugu, sau da yawa daga nan ne ba ya sake miƙewa. Bencin nan da muke ta zagi, shi ne kayan aikin. Ka zauna, ka harɗe hannu a ƙirji, ka miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, ka koma a hankali kamar mai gudun fasa ƙwai, sau 10. Ka huta ka sake. Ka tsaya taku ɗaya daga bango, ka dafa shi da tafi biyu, ka kai ƙirji kusa ka tura kanka baya, sau 10. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kana dafe da bango ko sanda, ka ƙirga 20, ka canza. Duka ba su cinye minti 10 ba. Kada a riƙe numfashi ana yi, musamman mai hawan jini.

Makiyayi kuwa dama yana da kayan aikinsa a hannu. Tsayuwar nan ta gargajiya, sanda a gicciye bisa kafaɗu hannaye na rataye a kanta, tana buɗe ƙirji tana miƙe kafaɗa. A haka, ƙafafu a ɗan buɗe, ka juya jiki dama a hankali, ka dawo, ka juya hagu, sau 10. Ban da fizga. Mai shago ma ya nemi sandar tsintsiya ko ta rumfa ya yi.

Ga waɗanda har yanzu ke bin garke a ƙasa, ku ba wanda zai ce muku ku ƙara tafiya, kun biya bashinta har da riba. Abin da ke cin ku daban ne: tsugunon tatsa, jan guga a rijiya mai gaba ashirin, kokawa da bijimi a wajen allura, ɗaukar ɗan maraƙi a wuya. Aikin ƙarfi na yini guda ba hutu gajiyar da jiki yake yi, ba ya gina shi yadda motsi mai sauƙi da hutu a tsakani ke yi. Ku dubi 'yan matan nan kayayo masu dakon kaya a ka a kasuwar Nima ranar Laraba. Babu wanda ya kai su motsi, kuma babu wanda ya kai su ciwon wuya da baya. Don haka naku shi ne miƙa da sassauta gaɓoɓi. Kafin a fara jan ruwa a juya kafaɗu a ɗumama jiki. In za a ɗaga abu mai nauyi a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da ciki, kada a sunkuya da ƙafa a miƙe. Da dare a kwanta rigingine, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a ƙirga 20, a canza, sannan a haɗa duka biyun. Ranar da kuma aka sayi babur aka bar wa yara sanda, a tuna da maganar da ta gabata, an shiga sahun mutanen benci.

Abin da ya fi gwiwa hana mutanenmu shi ne kunya. A Gana ranakun Asabar da Lahadi da sassafe za ka ga ƙungiyoyin motsa jiki, waɗanda suke kira kif-fit, sun cika titi da kiɗa da tafi, wasu ma har su hau tudun Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Alhajinmu ya leƙo ya ga gajeren wando da rawa, ya ce Allah ya kiyaye, ya koma ciki. Ga kuma tsoron bakin mutane: in an ga Alhaji a ƙasa za a ce karaya ta zo, an sayar da mota. Har yanzu ma akwai masu ganin teɓa alamar arziki ce. A ganinmu wannan girman kai ne mai tsada, domin shanyewar ɓarin jiki ba ta tambayar yawan tirelolin mutum kafin ta shigo. Kuma ba wanda ya ce sai an sa gajeren wando. Jallabiya da takalmi mai rufi sun isa. Mutumin Mamobi ya bar masallacin ƙofar gida sau ɗaya a rana ya taka zuwa babban masallacin Kawukudi ya dawo, ya samu rabonsa na ranar, ba mai cewa komai sai sannu da ibada. Ko ya sauka daga torotoro tasha ɗaya kafin tashar gidansu. In dattijai uku suka haɗa kai suna fita tare, ranar da ɗaya ya ji ƙyuya sauran za su buga masa ƙofa. Tudun Aburi kuwa a bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari, mai ciwon gwiwa ma ya bar shi gaba ɗaya, domin saukowar ta fi hawan cin gwiwa.

Iyayenmu mata, ku ma maganar taku ce, watakila ma ta fi zama taku. Da can daka da niƙa da ɗiban ruwa sun ishe ku. Yanzu inji ya karɓi turmi, mai tuyar ƙosai ko mai sayar da atamfa tana iya yini a kujera 'yar tsugunne ba ta miƙe ba sai salla. Gidajen zango matsattsu ne, mun sani, lunguna kuma ga kwata ga babura. Amma taku a wuri ɗaya cikin ɗaki, ana ɗaga gwiwa ana kaɗa hannu minti 10 rediyo na kunne, shi ma motsi ne. Zuwa islamiyya ko gidan suna a ƙasa tare da maƙwabta, shi ma haka. Mai juna biyu da cikinta ke lafiya an so ta riƙa tafiya, sai dai in ungozomar asibiti ta hana saboda wani dalili. Maigida kuma ya ba da dama, gara ya raka ta zagaye da ya raka ta layin masu ciwon sukari.

Kafin wanda ya haura 40 ya fara, ya je a auna jininsa da sukarinsa. Asibitin Mamobi na nan, manyan shagunan magani ma suna awo, haka asibitocin garuruwan kan iyaka. Hawan jini ba ya ciwo, mutum na iya yawo da shi shekaru yana jin kansa garau. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban, akwai shi. In ya kai 180 bisa 110, a fara da magani tukuna, tafiyar hanzari ta jira izinin likita. Ana cikin tafiya in aka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo na sauka hannun hagu ko haɓa, ko jiri, ko numfashi ya ɗauke fiye da kima, a tsaya nan take a nemi asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko yin allura ya sa dabino biyu ko alewa a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi ya ci. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko da silifa mai tsinken da ke cin tsakanin yatsu, kuma kullum da dare ya duba tafin ƙafarsa, domin ciwon na kashe jin zafi, ƙaya ta shiga bai sani ba har wurin ya ruɓe. Lokacin zafi a fita da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya. Lokacin hunturu, in hazo ya yi kauri, mai asma ko tari ya yi nasa a cikin gida. Da azumi kuma a mayar da tafiyar dab da shan ruwa, a hankali, ko bayan an sauko daga asham, lokacin da ƙunu da ƙosai ke neman mai saye.

A shiri na gaba za mu ɗauko maganar gishiri da dunƙulen miya da kanwa, da yadda matafiyi zai yi da abincin tasha. Mai tambaya ya aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni kamar yadda aka saba.